Yadda Ake Ɗaura wa Raƙumi Waya

Jirgin sama mai fukafukai hawa biyu, irin wanda aka yi Yaƙin Duniya na Farko da shi, katako ne da yadi da waya. Katakon shi ne ƙashi. Yadin lilin, wanda ake shafe shi da wani ruwa har ya ɗame kamar fatar ganga, shi ne fata. Wayoyin ƙarfe kuwa su ne jijiyoyin da ke riƙe da komai, in aka cire su abin da zai rage tarin kirare ne da tsumma. Shi ya sa masu haɗa ƙananan jiragen roba, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, suke ganin wanda ya haɗa irin wannan jirgi bai ɗaura masa waya ba kamar telan da ya ɗinka babbar riga ne ya miƙa ta ba aiki. Kowane mataki na wannan sana'a yana da kuskuren da aka san shi da shi, kuma an ɗauko misalan kurakuran duka daga wurin mai wannan rubutu, domin babu wanda ya tsallake.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1:72, wato inci 1 a jikin ɗan jirgin yana madadin ƙafa 6 a jikin na gaske. Asalinsa Ingila. A 1932 James Hay Stevens ya fito da jerin Skybirds na katako da ƙarfe a wannan ma'auni, a 1936 aka fito da FROG Penguin waɗanda ake lissafa su cikin na farko da aka yi da roba, sannan Airfix ya cika kantuna da su tun daga shekarun 1950. Akwai ma'aunai masu girma, irin su 1:48 da 1:32. Kamfanin Wingnut Wings na ƙasar New Zealand, mallakar Peter Jackson mai shirya fina-finai, ya yi suna daga 2009 zuwa 2020 da jiragen wancan yaƙi a 1:32, inda mutum zai ga ramin da zai sa zare ba tare da ya kira yaro ya duba masa ba. Duk wanda ya ba shekara 40 baya, babban ma'auni ya fi masa. Mai wannan rubutu ya ba 50 baya, yana sa tabarau, amma da ƙanensa da ke karatu a Ingila ya tambaye shi wanne zai taho masa da shi, sai ya ce mafi araha.

Abin da ya fara jan hankalinsa jirgin DH.9A ne, kuma da dalili. Irin wannan jirgi guda uku, na rundunar sojan saman Birtaniya, su ne suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba 1925 ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba a filin da ake wasan dawaki. Jiragen sama na farko ke nan da Kanawa suka gani a ƙasarsu. Bakano mai kishi zai so ya ajiye kwatankwacinsa a falo. Sai dai faɗin DH.9A daga wannan bakin fiffike zuwa wancan ya kai mita 14, dirkokin da ke tsakanin fukafukansa jeri biyu ne a kowane ɓangare, kuma kowane jeri da nasa saƙar waya. Mai wannan rubutu ya dubi hoton, ya ƙirga, kishin ya ɗan lafa, ya ce a kawo masa Sopwith Camel.

Sunan kansa ya isa ya yaudari Bahaushe, domin ma'anarsa Raƙumi. Kamfanin Sopwith da ke Kingston a bakin kogin Thames ne ya ƙera shi, ya fara tashi a Disamba 1916, ya shiga fagen yaƙi a 1917, kuma an ƙera fiye da 5,000. Matuƙa ne suka raɗa masa sunan saboda wani ɗan tozo da ke gaban mazaunin matuƙi, wanda ya rufe gindin bindigogi biyu ƙirar Vickers. Injinsa na Clerget mai ƙarfin doki 130 irin wanda ke juyawa gaba ɗayansa tare da farfela ne, don haka jirgin yana karkata dama kamar walƙiya, hagu kuwa sai da lallashi. Ƙwararru sun so shi saboda wannan hali, masu koyo da yawa kuma shi ya yi ajalinsu. Faɗinsa ƙafa 28 ne, wato mita 8 da rabi da ɗan ɗoriya. A ma'aunin 1:72 wannan ya koma santimita 12 ba kaɗan, abin da zai zauna a tafin hannu ya bar wuri. Halinsa da masu koyo kuwa bai ragu sau 72 ba.

Kafin a taɓa zare, wajibi ne a san aikin kowace waya, in ba haka ba mutum zai yi ta saƙa ne irin ta makaho. Idan jirgi yana sama, iska tana ɗaga fukafukai, tana neman naɗe su sama kamar laimar da guguwa ta juye. Wayoyin da ke hana wannan su ne na tashi: suna fitowa daga ƙasan gangar jiki, su haura a karkace zuwa kan dirkokin waje a fiffiken sama. A jikin Raƙumi bibbiyu ake jera su, saboda su ke ɗauke da nauyin jirgin duka. Idan ya sauka kuma, nauyin fukafukai yana ja ƙasa, sai wayoyin sauka su riƙe: su daga sama kusa da tsakiya suke gangarowa zuwa gindin dirkokin waje. Biyun nan su ne gicciyen da ake gani in an tsaya a gaban jirgin. Akwai wani gicciyen tsakanin dirkar gaba da ta baya, mai hana fiffike murɗewa, da wani tsakanin ƙafafun taya, da masu riƙe jela, sannan siraran wayoyin da ke tafiya daga hannun matuƙi da ƙafarsa zuwa sassan da ke juya akalar jirgi. Ingilishi sun riƙa amfani da waya mai ɗan faɗi kamar ganyen ciyawa don ta rage jan iska, amma a 1:72 ba wanda idonsa zai raba wannan da zagayayya. Jimilla dai sun haura 20, kuma takardar bayanin da ke cikin kwali takan nuna su a wani ɗan zane mai girman kan sarki.

Wurin aiki ya zama tebur mai haske, ƙasan ɗakin kuma siminti ko leda mai launi ɗaya. Kayan aiki kaɗan ne: reza sabuwa, hantsaki mai siririn baki, samfefa mai laushi, gam iri biyu, burushi ƙanana, da ɗan abin huji na hannu mai baki milimita 0.3. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan cinya. Amfanin ƙyallen yana bayyana ne a ranar da aka manta da shi. Dirkar jirgi a wannan ma'auni ba ta kai santimita 2 ba, kuma in aka matse ta da hantsaki fiye da kima sai a ji ƙyas, ta tafi. Mai wannan rubutu a falo ya yi nasa aikin, a kan kafet mai zanen furanni, kuma a daren farko dirka ɗaya cikin takwas ta yi wannan tafiya. An kafa dokar hana shara ta kwana uku. An tara yara da alkawarin alewa, aka bi kafet da tocila a durƙushe, aka samo ɗan kunne ɗaya da ya ɓace tun azumin bara, da ƙwayar shinkafa 11, da wani maɓalli. Uwargida ta karɓi ɗan kunnenta ta yi godiya. A rana ta huɗu aka fere tsinken tsintsiya aka maye gurbin dirkar, kuma gaskiyar magana shi ya fi sauran bakwai ɗin kama da katako.

Huji shi ne aikin farko, tun kafin fenti, tun fukafukai suna kwance daban-daban. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a huda fiffiken ƙasa har ya ɓulle, fiffiken sama kuwa a yi masa rami rabi ta cikinsa, kada ya fito ta bayansa. A karkata bakin abin hujin ya bi hanyar da wayar za ta bi, domin in ramin ya miƙe tsaye wayar za ta fito da lanƙwasa a gindinta. Bakin milimita 0.3 bai fi gashin gemu kauri sosai ba, ba a danna shi, murza shi ake yi da yatsu biyu a bar shi ya ci da kansa. Wanda ya danna zai ji ya karye. Ƙanen mai wannan rubutu ya haɗo masa da baki uku, suka ƙare a rami na biyar. Daga nan ya tuna da dabarar da yake huda murfin kwalba da ita yana yaro, lokacin da ake ƙera motar kara da ta gwangwani, ya ɗora allura a kan kyandir har ta yi ja. Roba ba langa-langa ba ce. Allurar ta shige kamar a cikin man shanu, ta bar rami mai leɓe wanda za a iya zura igiyar guga. Irin wannan rami ana cike shi da gam, a goge da samfefa, a sake hudawa da allura mai sanyi, aikin minti biyu ya koma na yini.

Fenti yana bin huji. A wanke sassan da ruwan sabulu don cire maiƙon masana'anta, a fara da cikin mazaunin matuƙi tunda ba za a sake kai wa gare shi ba. Ƙasan fukafukai launin yadin lilin ne da ba a rina ba, fari mai ɗan ɗorawa-ɗorawa. Gefen mazaunin matuƙi katako ne mai sheƙi, ana kwaikwayonsa da shafa ruwan ƙasa mai haske, in ya bushe a ja mai duhu a kai da busasshen burushi don ya bar layi-layi. Murfin inji ƙarfe ne. Saman jirgin shi ne wurin rigima. Ingilishi sun shafa masa wani haɗi da suke kira PC10, wanda aka yi da jar ƙasa mai ɗorawa da baƙin hayaƙin fitila, kuma har gobe masu wannan sha'awa suna musu a kan ko kore ne ko ruwan ƙasa. Haɗin ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, rana da mai kuma suna sauya shi, saboda haka kowane ɓangare yana da hujja. Wanda ya san tuwo ba ya bukatar wannan musu: launin yana tsakanin miyar kuka ta yau da wadda ta kwana aka ɗumama.

A tsinka fentin da ruwa, a shafa sau uku siriri-siriri maimakon sau ɗaya mai kauri, kada haƙarƙarin fiffike ya nutse. Littattafan Turawa sukan yi gargaɗi a kan laima mai hana fenti bushewa. Wanda ya yi aikin a hunturu matsalarsa akasin haka ce, fentin yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jikin jirgi, wanda ya isa kuma ƙura ta bi shi ta zauna. Maganin wannan a kife wani mazubi mai tsabta a kan abin da aka shafa. A kula da irin mazubin. Mai wannan rubutu kwanon sha mai murfi ya samu, ya sa fukafukan a ciki ya rufe ya ajiye a kan tebur, kuma duk yaron da ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da rufaffen kwano a kan teburin Baba yake nufi. Autan gidan ya buɗe, ya sa hannu, bai sami nama ba, ya fito da fiffike manne a yatsa yana kuka, shi ne ma wanda aka cuta.

Tambari a kan takarda yake zuwa, ana yanka shi a tsoma a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci kaɗan, sai ya saki takardar a zame shi zuwa wurinsa. Ba ya son wuri mai kaushi, domin iska takan maƙale a ƙarƙashinsa ya riƙa ƙyalli kamar azurfa, don haka a fara shafa fenti marar launi mai sheƙi. Tambarin Birtaniya zobe uku ne, ja a tsakiya, fari, sannan shuɗi a waje. Na Faransa akasin haka ne, shuɗi a tsakiya ja a waje. A jela kuma ratsi uku ne a tsaye, shuɗi a gaba, ja a baya. A kashe fanka kafin a fara. Jiƙaƙƙen tambari ya fi fatar albasa rauni, in ya naɗe kansa sai a mayar da shi ruwa a lallaɓa shi da burushi ya buɗe, kada a sa yatsa. Raƙumin da ake magana a kai jelarsa ta hagu daidai take, ta dama kuwa ja ne a gaba, kuma ba a lura ba sai bayan mako guda.

Ɗora fiffiken sama shi ne inda mutane da yawa ke rufe kwali su koma kallon ƙwallo. Dirkoki takwas ne, huɗu gajeru a kan gangar jiki, huɗu a waje, kowacce da rami a ƙasa da rami a sama, ramuka 16 ke nan da ake so su amsa a lokaci guda, ga shi Allah hannu biyu ya ba ɗan Adam. Bayan haka fiffiken sama ba a kan na ƙasa yake daidai ba, ya ɗan yi gaba, don haka dirkokin a karkace suke. Kuma a jikin Raƙumi na sama miƙaƙƙe ne sambal, na ƙasa ne ya ɗaga bakinsa sama kaɗan, wanda shi ne alamar da ake gane shi da ita daga nesa. Dabara ita ce a yanka kwali a yi wa jirgin ɗan gado mai riƙe fukafukan biyu a inda ya dace, a fara kafa gajerun dirkoki da gam mai jinkirin kamawa, a ɗora fiffike, a bar shi ya kwana, sannan a zura na waje ɗaya bayan ɗaya. Kafin a ɗora, a riga an manna bakin kowane zare a raminsa na cikin fiffiken sama, a bar su suna reto kamar gemun masara.

Gam mai kamawa nan take, wanda ake kira sufa gulu, na zare ne, kuma ɗigon da bakin allura zai ɗauka ya isa. Ba a matsa shi kai tsaye daga mazubinsa. Mai wannan rubutu ya gaji da jiran mai jinkiri, ya riƙe fiffike da dirka da yatsu uku, ya matsa da ɗaya hannun. Komai ya kama, har da yatsun. Ana cikin haka aka kira la'asar. Mas'ala ta taso wadda ba a rubuta ta a takardar kwali ba, domin wannan gam yana hana ruwa taɓa fata, ga kuma mutum da jirgin yaƙi a hannun dama. Ya leƙa tsakar gida ya yi kira a hankali. Uwargida ta zo ta duba, ta ce, "Malam, kai da jirgin za ku tafi masallacin, ko shi zai kai ka?" Sannan ta ɗauko ruwan goge jan farce. Wannan ruwa yana narkar da gam ɗin, gaskiya ne, kuma yana narkar da robar da aka yi jirgin da ita. Yatsu sun fita, an sami sallah a sahun baya, amma babban yatsa ya bar zanensa ɓaro-ɓaro a fiffiken hagu, kamar an dangwala wa Raƙumi ƙuri'a.

Sai zaren kansa. Lissafi ne ke nuna kaurin da ya dace: wayar da kaurinta milimita 5 ne a jirgin gaske, in aka raba da 72, ta koma milimita 0.07, wato kaurin silin gashin mutum. Zaren ɗinki ya yi kauri, kuma yana da gashi-gashi mai kama ƙura. Tsohuwar hanya ita ce a yanko guntun sandar robar da sassan jirgi ke zuwa a jikinta, a juya ta a saman kyandir har ta yi laushi, a janye daga wuta a ja hannu biyu a hankali, sai ta miƙe ta zama zare. Kyauta ne, amma yana karyewa da an hura masa numfashi, kuma kafin hannu ya saba sai an cika ɗaki da warin ƙonanniyar roba. Akwai zare mai talewa da ake yi musamman don wannan aiki, shi ya fi yafe kuskure, sai dai daga waje ake aiko da shi. Akwai kuma zaren fatsa, mafi siriri, wanda yake ƙara wa jirgin ƙarfi na gaske kamar yadda waya ke yi wa babba. Wanda mai wannan rubutu ya samu a kasuwa zai iya jawo giwan ruwa.

Wasu masu haɗa jirage suna amfani da silin gashin roba irin wanda ake ƙari da shi a kitso, kuma kaurinsa ya yi daidai ƙwarai. Matsalarsa sayowa. Dattijo mai furfura a gemu ya tsaya a rumfar kayan kwalliya ya ce a ba shi gashin doki baƙi, sai mai rumfar ya gyara tsayuwa ya ce, "Alhaji, na uwargida ne ko amarya za a yi?" Da aka ce masa sili 30 kawai ake so, ba ƙunshi ba, ya yi shiru. Da aka ƙara da cewa na jirgin sama ne, ya ciro silin ya naɗe a takarda ya miƙa, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Alhaji."

Ɗaurin kansa daga ciki ake faro shi zuwa waje, don kada hantsaki ya riƙa ratsa wayoyin da aka gama. A kama bakin zaren da ke reto, a zura shi ta raminsa a fiffiken ƙasa, a maƙala masa wani abu mai ɗan nauyi kamar maƙalin shanya ya ja shi, a ɗiga gam da bakin allura, a jira, a yanke saura da sabuwar reza, a shafe wurin da fenti. A yi ɗaya a dama, a yi takwararta a hagu, in ba haka ba ja zai rinjaya gefe guda jirgin ya karkace kamar jakin da aka yi wa mangala ɗaya. Tagwayen wayoyin tashi su ne masu cin rai, domin dole su tafi kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin farce ba. Kada a yi fiye da huɗu ko biyar a zama ɗaya. Ido yana gajiya kafin mai shi ya yarda.

Duk yadda aka yi, wasu za su saki. Zaren roba yana tsukewa in ya ji zafi, don haka ana kusanto masa da kan ashanar da aka hure yanzu, ko bakin turaren tsinke, daga ƙasa, tazarar kamar faɗin yatsa biyu. Sai a ga zaren ya yi ɗan motsi ya miƙe tsaf, a janye hannu nan take. Abin yana da daɗin kallo, kuma daɗin ne haɗarinsa, domin tsakanin miƙewa da tsinkewa ƙiftawar ido ce, garin gyaran gira a rasa ido. Sharaɗinsa natsuwa, da ƙofa a rufe.

A daren da mai wannan rubutu ya kai wannan mataki an ɗauke wuta. Ya kunna kyandir, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ga silin gashi baƙi a baje a kan farin ƙyalle, ga allura, ga reza, ga wani ɗan abu mai fukafukai an ɗaɗɗaure shi, yana zagaya shi da turare yana motsa baki, domin ƙirga wayoyi yake yi. A haka surukarsa ta yi sallama ta ɗaga labule. Tarbiyya ta riga hankali: ya zabura zai durƙusa ya gaishe ta, turaren na hannunsa. Aka ji tas, tas, tas, tas. Wayoyin tashi huɗu na ɓangaren dama suka tafi, bakin fiffiken ƙasa ya yi laushi ya sunkuya. Hajiya ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta dubi ƙyallen, ta dubi kyandir, ta saki labule. Daga tsakar gida aka jiyo ta tana ce wa 'yarta, "Ke, ki faɗa wa mai gidan nan naki, in wata damuwa ce ta same shi a wurin aiki, addu'a ta fi." Washegari da safe aka aiko da ruwan tofi a gora da ƙullin habbatus sauda. Ya sha, don ba a mayar da aiken suruka.

Fiffiken da ya sunkuya ana iya miƙar da shi da ruwan zafi da haƙuri, amma ba ya komawa yadda yake. Wayoyin da suka tsinke kuwa, tunda fiffiken sama ya riga ya zauna, sai dai a auna tsawonsu da tsinke, a yanka, a manna baki da baki. An maye uku.

Gamawa ba ta da yawa. A bi wayoyin da burushi mai ɗan fentin ruwan toka mai duhu in ana so, a rufe jirgin duka da fenti marar launi mai ɗan sheƙi kaɗan, domin yadin jirgin gaske ba busasshe ƙurmus ba ne, yana da ɗan maiƙo a ido. Injin Raƙumi man zurma yake sha, kuma ba ya mayar da shi, fesar da shi yake yi ta ƙasan murfin inji ya bi cikin jirgin har fuskar matuƙi, abin da ya sa matuƙa ke yawo da ƙyalle a wuya don goge tabarau. Saboda haka ɗan dattin mai a ƙasan gangar jiki da ɗan taɓo a taya sun dace. Kaɗan ya isa. Jiragen nan ba su daɗe a duniya har su tsufa ba. Farfela da bindigogi su ne na ƙarshe, sannan a sa jirgin a akwatin gilashi, tunda ba a goge shi da tsumma.

Mai son shiga wannan sha'awa ya fara da Fokker D.VII na Jamus, wanda ya fito a 1918. Fukafukansa masu kauri ne da ke ɗauke da kansu, babu saƙar waya a tsakaninsu, 'yan kaɗan ne a ƙafafu da jela, kuma ba ƙaramin jirgi ba ne a tarihi, tunda yarjejeniyar tsagaita wuta ta 11 ga Nuwamba 1918 ta ambace shi da suna cikin abin da Jamus za ta miƙa. In hannu ya faɗa, sai a nemi Raƙumi a 1:48. DH.9A na Kano ya jira sai an yi ritaya.

Raƙumin mai wannan rubutu bai sami akwatin gilashi ba, yana kan wadirob inda hannun auta ba ya kaiwa. Fiffikensa na dama yana kallon ƙasa, na hagu yana ɗauke da dangwale, waya ɗaya babu. A damina gizo-gizo ya hau ya cike gurbin, ya ƙara wasu da Sopwith bai san da su ba, kuma nasa sun fi na mai jirgin siranta da miƙewa, don haka an hana a taɓa. Dirkar da ta yi tsalle a daren farko har yau ba ta fito ba. Ruwan toka ce, ba ta kai santimita 2 ba. Duk baƙon da ya zauna a falon a hunturun bara, don Allah ya duba aljihun rigarsa.